Idon Ɗanmalam da Idon Kyamara

Ɗanmalam mai hoto ya fara sanin sana'arsa tun bai taɓa ganin kyamara ba. A garinsu Kahu, ƙyauren ɗakin kakarsa yana da 'yar huda. In rana ta take aka rufe ɗakin, sai jakunan da ke wucewa a waje su bayyana a bango, ƙafafu sama, kai ƙasa. Yakan zauna yana kallo har sai an kira shi cin tuwo.

Shekara arba'in da wani abu yana ɗaukar hoto a Kibiya. Da surukinsa Ja'afaru ya kawo masa kyamarar zamani, wadda ba ta cin fim, bai ruɗe ba. Ya ce ai ɗakin kakarsa ne aka ƙanƙanta: gilashi ya tattaro haske, ya kifa hoton a kan wani ɗan faranti a ciki, na'ura ta miƙar da shi. Saiti kam da hannu yake murɗa abinsa, bai yarda na'ura ta yi masa ba.

Bana hotuna suka fara fita dishi-dishi. Hajiya Lubabatu mai ƙuli-ƙuli ta dawo da na sunan jikarta.

"Malam, wannan jaririyar ce ko ƙunshin zane?"

Ya taya ta dariya, amma da ya koma gida ya naɗe kyamarar a tsumma. Gilashi ya mutu, in ji shi, hoto kuma ya bari ke nan.

Ranar Asabar 'yarsa Mufida, malamar makaranta a Rano, ta zo gaida shi. Ta warware tsumman, ta ɗauki hoton akuyar gidan, har gashin gemunta ya fito ɗaya-ɗaya.

"Baba, gilashinta lafiya lau. Na idonka ne ya gaji."

"Ido ma da gilashi?"

"Allah ya sa masa nasa mana." Ta nuna wani ɗan abin murɗawa a gefen wurin leƙawa. "Wannan don idon mai ɗauka aka yi shi. Ba ka taɓa murɗa shi ba?"

"Na ɗauka ado ne."

Ya kafa ido yana murɗawa kaɗan-kaɗan, har ganyen darbejiyar ƙofar gida suka rabu da juna. Ya daɗe bai sauke ba.

"Aika a ce wa Hajiya a yi wa jaririyar nan wanka," ya ce. "Bayan la'asar ina tafe, lokacin rana ta yi sanyi."