Ƙarnin Hannun Yaya

Yayana masunci ne, ko in ce masunci ne a da, don yanzu ko maɓallin rigarsa sai na saka masa. A bakin ruwa Dogo suke ce masa, ni kuwa da Yaya na buɗi baki, kuma shi nake cewa har yau da furfurata. Ni tela ce. Tun da mijina ya rasu na dawo gidanmu, ɗakin da na kafa kekena yana kallon nasa, tsakar gida ɗaya muke ratsawa. Don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na tsinta ba, a gaban idona aka yi shi.

Tun bai kai tsawon sandar tuƙi ba babanmu ya jefa shi cikin kwalekwale, daga nan kuma bai sake sanin wata sana'a ba. Hannunsa abin kallo ne a lokacin. Tafin faɗi gare shi, kanta ta rufe shi ruf, igiyar taru ta bi wuri ɗaya shekara da shekaru har ta haƙa hanyarta a ciki. Da yatsu yake ɗaukar garwashi ya kai wa maƙwabciya. Ƙayar tarwaɗa da ke sa ƙato hawaye, shi sai ya zare ta ya ci gaba da hirarsa. A wajen masunta kanta ita ce kayan aiki. In sabon mutum ya zo neman shiga jirgi ba a tambayarsa komai, tafinsa kawai ake buɗewa a duba.

Duk wanda ya ce maka masunci ƙazami ne, bai taɓa ganin Yaya yana wanke hannu ba. In ya dawo daga ruwa yakan tsuguna a bakin rariya, ya fara da ruwan sanyi, don a cewarsa ruwan zafi dafa ƙarnin yake yi a cikin fata. Ya murza toka ta kwashe yauƙin, ya bi da gishiri, ya raba lemon tsami biyu ya nutsa faratansa a ciki yana juyawa. Sannan ya ɗauko wani tsohon cokalin ƙarfe ya yi ta goga bayansa a tafi da tsakanin yatsu. Sabulu a ƙarshe yake zuwa, wai sa shi a farko ɓarnar sabulu ce. Gaskiya ƙarnin raguwa yake yi, ba ya tafiya duka. Amma mu a cikinsa muka girma, ko jinsa ba ma yi.

'Ya ɗaya Allah ya ba shi, uwarta ta rasu tana rarrafe. Uwata yake ce mata. Bai sake aure ba, ya ce ba wadda za ta zo ta harare masa ita. Shi yake mata wanka, shi yake tsince mata ƙayar kifi da yatsun nan nasa masu kauri, ya sa mata tsokar a baki. Da ta shiga makaranta yara suka raɗa mata 'yar ƙarni, in ta wuce su toshe hanci. Na san abin ya yi mata ciwo, ba na musu. Sai dai haushin bai tsaya kan yaran ba, kan ubanta ta juye shi. Ta hana shi taɓa kayan makarantarta, ta hana shi riƙe mata jaka, in ya raka ta sai ta ce ya tsaya a kwana kar a gan su tare. Na ce masa wannan ba tsabta ba ce, raini ne, a taka mata birki tun yanzu. Ya yi dariya ya ce in bar masa uwarsa.

Ta girma ta auri wani mai kemis, suka tare a gidan bene mai tayil, inda ko ƙuda sai ya nemi izini kafin ya shiga. Tun daga nan nake ce mata Madam, ita kuma ta ɗauka yabo ne. Mijin ba mugu ba ne, ba kuma mutumin kirki ba ne, irin mutanen nan ne da za a yanka mutum a gabansu suna latsa waya.

Ranar da ta haihu Yaya yana fitowa daga ruwa labari ya same shi: namiji. Ya wanke hannu ya sake wankewa, ya sa rigar da na ɗinka masa, muka tafi yana tafe yana tuntuɓe don murna. Falon cike yake da mutane, jariri yana yawo daga hannu zuwa hannu. Na ɗauke shi, maƙwabta suka ɗauke shi, har direban da ke kawo wa mijin kaya sai da ya ɗauke shi. Yaya ya matso ya miƙa hannuwa biyu, bakinsa ya ƙi rufuwa.

“Kawo min abokina in gan shi.”

“Baba, mu ga hannun tukuna.”

Madam ta kama bakin hannun rigarsa da yatsu biyu, ta ɗaga, ta kai hanci ta sansana, a gaban surukai da baƙi. Ta yamutsa fuska ta ce da saura. Wasu suka yi dariya, shi ma ya taya su, ya ce ai uwarsa ba ta wasa da tsabta. Ni kuwa ji na yi kamar an watsa min ruwan zafi. Na haɗiye don idon mutane, muka dawo gida.

Abin ya zama ƙa'ida. Duk zuwan da zai yi, a bakin ƙofa za ta tare shi, ya miƙa hannu kamar ɗan makarantar da ake duba wa farce, ta sansana ta ce da saura. Sai ya shiga ya ɗosana a gefen kujera, ya matse hannuwan a tsakanin gwiwoyinsa, yana leƙen yaron daga nesa yana yi masa wasa da gira. Ba kuɗinsu yake so ba, ba abincinsu ba. Jikansa kawai yake so ya riƙe, ko sau ɗaya ne.

Babu abin da bai gwada ba. Aka ce man goge baki, ya shafa. Aka ce ganyen shayi, ya jiƙa. Wani ya ce kananzir, Madam ta ce yanzu wari biyu yake yi. Ya sayi turare ya zazzaga, ƙarni da turare suka haɗu suka haifi wani abu da ni kaina sai da na buɗe taga. Na ce to a saya masa safar hannu, ita ta ce wari yana ratsa safa, shi kuma ya ce in da safa ne ai bai taɓa yaron ba. Daga ƙarshe ya bar wa abokin aikinsa jirgin ya daina shiga ruwa, mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi fita ba. Ya zauna a gida yana wanke hannun da bai taɓa kifi ba. Ya koma, ta sansana ta ce da saura.

A wannan zuwan ne ta ƙara magana. Ta sa bakin makulli ta danna kantar tafinsa, ta ce a cikin wannan abin warin yake, muddin yana nan ba inda za shi.

Washegari na ɗago daga keke na hango shi a kan tabarma da sabuwar reza, yana feren tafin hannunsa. Fatar tana zuba fara-fara a ƙasa, kaji suna tsattsaga. Na fito a guje na ce Yaya ka haukace ne, da me za ka ja taru? Ya ce kanta ce, za ta sake fitowa, amma yaro ba ya komawa jariri. Na yi faɗa, na yi magiya, na ɓoye rezar ya sayo wata. Ya fere abin da zai feru, sauran ya bi shi da dutsen goge kaushi, har tafin ya koma ja, laushi tiɓis, irin yadda ban taɓa ganinsa ba.

Da a nan ya tsaya da da sauƙi. A bakin ruwa akwai yadda suke wanke bahon kifi in ƙarni ya kama shi: su jiƙa soda, irin wadda masu yin sabulu suke amfani da ita, su cuɗe bahon da ruwanta, sai ya fita tas kamar sabo. Yaya ya yi shekaru yana wannan wankin da hannunsa tsirara bai taɓa jin komai ba, don tsomawa ce a cire, kuma kanta ta tare masa. Sai ya yi lissafinsa na masunci, abin da ya cire wa baho ƙarni zai cire wa hannu. Ya manta cewa abin da ke kare shi ya riga ya fere shi ya ba kaji.

Na fita kai ɗinki, na dawo na tarar da shi tsugune a bakin rariya, hannuwansa biyu a cikin baho har wuyan hannu. Ya dama sodar da kauri. Gumi yana ɗiga daga gemunsa, ya cije leɓe, jijiyoyin wuyansa sun miƙe. Ya ɗago ya dube ni, wallahi har da murmushi.

“Zafin nan da nake ji, ƙarnin ne yake fita.”

Na fizgo hannuwan. Santsi suke yi, fatar tana salewa tana bin yatsuna. Na yi ta kwarara ruwa ina ihu har maƙwabta suka shigo, aka sa shi a mota sai asibiti. Likita ya tambaya wane azzalumi ne ya yi masa haka, Yaya ya ce shi ne da kansa. Ya daɗe a kwance, hannuwa a naɗe, ni nake ba shi abinci a baki. Madam ta aiko da magunguna daga shagon mijinta, ba laifi, masu tsada. Ta kira ni a waya ta ce ba za ta iya kawo yaro asibiti ba saboda cututtuka, sannan ta ƙara da cewa ita fa ba ta ce ya sa soda ba. Gaskiya ne, ba ta ce ba. Na kashe wayar kafin bakina ya ja min.

Da aka warware bandejin, yatsun sun ƙanƙance sun lanƙwashe ciki, fatar ta ɗame tana ƙyalli, kan yatsun ba ya jin komai. Likita yana bayanin abin da hannun zai iya da wanda ba zai sake iyawa ba, Yaya ko saurarensa ba ya yi. Ya kai hannun hancinsa ya sansana, ya miƙo min ya ce in ji. Na sansana. Babu komai, ko ɗigon ƙarni, sai ƙamshin man da ake shafa masa. Na ce ƙarnin ya fita. Ya yi dariya har da hawaye, ni ma na yi hawayen, amma nawa ba na daɗi ba ne.

Ko gida bai yarda mu biya ba. Muka hau benen, ya miƙa hannun a bakin ƙofa yadda ya saba. Wannan karon ba ta sansana ba. Kallo ɗaya ta yi wa hannun ta kawar da kai, ta ce ai fatar ba ta gama warkewa ba, yaron kuma yanzu komai ya samu baki yake kaiwa, a bari zuwa gaba.

A nan haƙurina ya ƙare. Na buɗe mata wuta, na faɗa mata wanda ya wanke mata kashi da wanda ya biya mata makarantar da ta koyo raini, na ce ko tayil ɗin da take taƙama da shi da ƙarnin nan aka kai ta kansa. Maƙwabta suka cika matakala. Mijin ya ɗago daga wayarsa, kunya ta kama shi, ya ce ta ba shi yaron mana a wuce wurin.

Ta shiga ta fito da tawul, ta shimfiɗa a kan hannuwan ubanta har gwiwar hannu, sannan ta ɗauko yaron. Ya riga ya fara zama, ya yi ɓul-ɓul, sai wutsil-wutsil yake yi. Yaya ya ɗaga hannuwan. Ina ganin yatsun suna motsi a ƙarƙashin tawul ɗin, yana ta ƙoƙarin buɗe su, sun ƙi. Yaron ya banƙare ya yi wani zillo a hannun uwarsa. Yaya ya dubi yaron, ya dubi tayil ɗin ƙasa, sai ya ja da baya.

“Kar ki sake shi, Uwata. Zan kayar da shi.”

Ta janye ɗanta ta saɓa a kafaɗa, ta juyo gare ni.

“Gwaggo, kin dai gani ko? Na ba shi, shi ya ƙi.”

Ta zare tawul ɗin daga hannunsa, ta wuce da shi ta jefa a kwandon wanki.

Muka sauko, mutanen matakala suna ba mu hanya. A titi zagi ne fal bakina, shi kuma ba ya son a zagar masa uwarsa. Mun yi nisa, har mun wuce masu gyaran babur, sannan ya rage tafiya ya matso kusa da ni.

“Ke da kika ɗauke shi, yana da nauyi?”

Na ce yana da nauyi, Yaya, ya cika hannu.

Ya gyaɗa kai ya ce madalla. Can kuma ya tambaye ni ko fatar yaron tana da laushi, na ce masa tana da shi.