Gurbin Mazari

A shekarar ƙarshe ta karatun kwamfuta, kowa a ajinmu ya zaɓi aikin da zai gabatar. Ni na ce ƙamus zan yi na Hausar ƙauyenmu da ke kusa da garin Hajj Abdalla, inda Larabci ya fi yawa, wanda zai shiga ƙaramar waya. Malamin da ke duba aikina ya yi murmushi, ya ce wa zai buɗe shi, alhali ƙannena ma da Larabci suke faɗa? Raina ya ɓaci.

Wayoyin lokacin ba su da ƙarfin bin dubban kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Dabarar ita ce a samo wani lissafi da zai ba kowace kalma gurbinta ita kaɗai. Kana rubuta ta, lissafin ya kai ka wurin kai tsaye, kamar yadda babana ke zuwa hawasharsa, wato gonar da hukumar noman rani ta yanka masa, ba ya leƙa ta maƙwabci. Sai dai akwai sharaɗi: dole a rufe jerin kalmomin tukuna. In ka ƙara ko ɗaya, sai ka sake lissafin daga tushe.

Na sha wuya kafin ya fito. Kwamfutar makaranta tsohuwa ce, muna layi a kanta, wuta kuma tana ɗaukewa yadda ta ga dama. Da ya fito, saura kwana huɗu a miƙa aiki, na tafi gida ina ji da kaina.

Kakata tana zaune a kan angarib, gadon igiya, tana kaɗin auduga. Na nuna mata wayar. Ta ɗaga sandar kaɗin ta ce, “To, tambaye shi mazari, mu ji mi za shi cewa.”

Ban taɓa jin kalmar ba. Na rubuta. Lissafin bai san baƙo ba, duk abin da ka ba shi sai ya tura shi wani gurbi. Ya kai ni gurbin tukunya.

Kakata ta ce, “Mi yac ce?”

Na ji kunya har cikin ƙashina.

Na koma na gaya wa malamin zan sake ginin. Ya ce, “Kalas, bar shi, kalma ɗaya ce. Miƙa haka, ba wanda zai lura. In kin makara, makinki zai faɗi.” Na ce masa wadda ta lura ta riga ta lura. Ba zan kai ƙamus gidanmu yana ce wa mazari tukunya ba.

Na rushe komai. Na makara da mako biyu, aka ba ni maki mafi ƙanƙanta da ake wucewa da shi. Har yau ban yi da-na-sani ba.

Na dawo na karanta wa kakata ma'anar kalmarta. Ta gyaɗa kai kawai, ta ci gaba da kaɗi. Can ta ce, “Akwai wasu. Tun da ƙawata ta rasu ban samu wanda zan hwaɗa ma su ba.”

Na san abin da hakan ke nufi ga lissafina. Na ɗauko takarda, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.