Lissafin da Na Sake Faɗi da Gangan

Babanmu ya shekara talatin yana koyar da lissafi a sakandare a nan Kontagora. Ni ce 'yarsa ta fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, kunyar ɗan fari ta hana shi. "Ke" kawai yake ce mini. Da tsufa ya fara cinye masa tunani, ƙannena sukan tambaye shi sunayensu don su ga ko ya gane su. Ni kuwa ba ni da abin gwadawa, kuma abin ya dame ni ƙwarai.

Ranar da na zo daga Rijau, inda nake aure, na same shi a zaure kan tabarma. Ya gaishe ni da ladabi irin na baƙuwa, har yana tambayata ko na sha hanya. Raina ya ɓaci, na shiga ciki na yi kukana.

Ina share ɗakinsa na ci karo da tsohon littafina na aji huɗu, duk jan biron Baba ya cika shi. Akwai wani lissafi da ya sha wahalar da ni: jerin lambobi da kowace ake ninka ta da adadi iri ɗaya a sami ta gaba. A ba ka biyu daga tsakiya, ka nemo adadin ninkin da lambar farko. Ni da taurin kai, kullum sai in ɗebe ƙarama daga babba maimakon in raba.

Na dawo zaure da takarda, na roƙe shi ya taimaka mini. Na ce lamba ta biyu shida ce, ta uku sha takwas. Nan take ya gyara zama. Da gangan na rubuta sha takwas a ɗebe shida a gabansa.

Ya daɗe yana kallon takardar. Sai ya karɓe biron, ya raba sha takwas da shida ya sami uku, ya raba shida da uku ya rubuta biyu, ya ja layi a ƙarƙashi yadda ya saba. Sannan ya ɗago ya harare ni.

"Ke, har yanzu ɗebewa kike yi? Tun kina aji huɗu nake gaya miki rabawa ake yi."

Na ce, "Na manta ne, Baba."

Ya miƙo mini biron, ya ce in sake daga farko.