Wanda Yake Fitowa a Ƙarshe

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Maris, ina tsaye a famfo ina zuba wa wata mota fetur, wayar ofis ta yi ƙara. Kashiyarmu ta ɗauka, ta saurara, sannan ta fito ta jingina da ƙofa. Daga tsayuwarta muka gane. Allah ya karɓi ran manajan gidan man da muke aiki, wanda kowa ke kira Baba Ƙararrawa, bayan doguwar jinya a asibiti. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma.

Baba, tun ranar nake yawo kamar mai mafarki ido biyu. Da tsakar rana, idan zafi ya sa iska tana rawa a saman siminti, sai in hango ka tafe, hannu a baya, kana tsayawa gaban jajayen bokitan nan na kashe gobara kana cusa yatsa cikin yashi don ka ji ko ya jiƙe. Ina ƙyafta ido sai in ga bokitan kawai.

Ranar da na fara aiki ba ka nuna mini famfo ba. Ka ce in biyo ka, muka tsallaka titi zuwa gindin babbar bishiyar da ke fuskantar gidan man, muka dawo, muka sake komawa. Ka ce, "'Yata, sayar da mai kowa ya iya. Wannan hanyar nake so ki fara sani." Na ce a raina, yau na haɗu da tsoho mai neman abokin yawo.

Daga baya na fahimta. Akwai tsohuwar ƙararrawar ƙarfe rataye a gefen ƙofar ofishinka, kuma ba ka da ranar kaɗa ta. Tana tashi, wanda ya fi kusa zai danna jan maɓallin da ke yanke mai daga dukkan famfuna. Mai gadi ya tare ƙofar shigowa, kashiya ta kira 'yan kwana-kwana, mai faci ya kashe injinsa. Mu kuma mu fitar da mutane da ƙafa zuwa gindin bishiya, ba mai tayar da mota, ba mai komawa ɗauko ko da takalmi. Masu shan mai kan yi ta mita. Wani mai sauri ya taɓa ce maka, "Malam, mai na zo sha ko tsere?" Ka yi murmushi ka ce, "Ranka ya daɗe, yi haƙuri, motar za ta jira ka." Bayan kowane atisaye kai ne mai raba mana ruwan sanyi da hannunka, har da mai mitar.

Kai kuwa kullum a ƙarshe kake fitowa. Sai ka leƙa bayan gida, ka leƙa ɗakin salla da sito, sannan ka bi motocin da ke ajiye ɗaya bayan ɗaya, ka durƙusa ka duba ƙarƙashinsu. Daga gindin bishiya muke kallon ka, kana fama da tumbi da gwiwa, muna danne dariya. Mai faci ya sha cewa wata rana sai an kawo jak an ɗaga ka. Mama, uwargidanka, ta ce duk wandon da ka mallaka gwiwarsa ce ke fara mutuwa, ta gaji da wanki.

Shekaru suka yi ta tafiya, ko tartsatsi ba mu taɓa gani ba. Wata rana muna zaune a inuwar bishiyar ka gaya mini abin da ke cin ranka. Ka ce kana roƙon Allah kada ya nuna mana ranar gaske, amma tambaya ɗaya ta hana ka sakat: idan ranar ta zo ba ka nan, ƙafafunmu za su tuna, ko kowa zai yi ta kansa? Da ciwo ya kwantar da kai, ni ka kira ka ce daga yau ni zan riƙa fitowa a ƙarshe. Na ce, "Baba, ni fa matsoraciya ce." Ka ce shi ya sa ka zaɓe ni, mai tsoro ba ya tsallake lungu.

Ranar ta zo ana saura kwanaki kaɗan ka rasu. Bayan azahar tanka tana juye mai, tiyo ya suɓuce daga bakin rijiyar ajiye mai, fetur ya ɓalle ya malale filin. Har yau idan na tuna, gani nake kamar cikin ruwa abin ya faru. Komai ya yi shiru a kunnena. Rana ta faɗo kan man, launuka suka yi ta juyawa a kansa, shuɗi da ja da ruwan zinare, kyakkyawa abin tsoro. Sai na ji ƙararrawa daga nesa, ashe mai gadi ne ke kaɗa ta. Na ga hannun abokin aikina a kan jan maɓalli, na ga direban tanka yana murɗa makullin tsayar da mai, na ga mutane suna tsallaka titi a jere, ba ihu ba turereniya.

Ƙafafuna sun so bin su, ba zan ɓoye ba. Amma sai na tsinci kaina a bakin bayan gida ina ƙwanƙwasawa, daga nan ɗakin salla, daga nan sito. Na zagaya baya inda manyan motoci ke hutawa, na durƙusa. Ƙarƙashin ta farko ba kowa. Ƙarƙashin ta biyu wani dattijon direba ya shimfiɗa kwali yana sharar barci, ga siririn layin fetur yana rarrafowa wajen kansa. Na ja ƙafarsa. Ya zabura, warin ya buge shi, ya zaro makulli zai haye ya janye motarsa. Na riƙe hannunsa gam na ce, "Kawu, don Allah kar ka tayar da ita! Bar ta nan, taho!" Ya dube ni, ya dubi motar, ya biyo ni. Mu ne na ƙarshe a gindin bishiya. 'Yan kwana-kwana suka iso suka lulluɓe filin da kumfa, wuta ba ta tashi ba.

Ko kayan aiki ban cire ba na nufi asibiti da yammar nan. Mama ta ce yini guda ba ka yi magana ba. Na zauna kusa da kunnenka na ba ka labari tun daga farko. Ba ka tambayi yawan man da ya zube ba. Ka buɗe ido a hankali ka ce, "Wa ya fito a ƙarshe?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

Sai idonka ya sauka kan gwiwoyina. Ƙura ta yi musu faci biyu, baƙi ƙirin da maiƙo. Ka daɗe kana kallon su, sannan ka yi murmushi ka lumshe ido. Mama ta ce, "To, ga wata mai kashe wando ka bari," tana dariya hawaye na zuba. Wannan ne ganina da kai na ƙarshe.

Yanzu nakan yi mafarkin bishiyar. Duk muna tsaye a inuwarta, iska na kaɗa ganye, muna kallon tsallake muna jiran ka gama zagaye ka fito kana kakkaɓe gwiwa. Mu yi ta jira har in farka. Ina kewarka, Baba, kewa mai tsanani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da 'ya'yanka da jikokinka, da dukkan abokan aikina. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Ya Allah ka jiƙan bawanka, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka tsare shi daga wuta kamar yadda ya ƙarar da ƙarfinsa yana tsare bayinka daga ita.

Kai da ba ka taɓa tsallakawa ka bar kowa a baya ba, wannan karon ka riga mu. Ka huta a inuwa, Baba, ƙararrawar tana hannunmu. Idan namu lokacin ya yi, Allah ya tara mu tare da kai a Aljanna, a duba a ga ba wanda ya rage. Amin.