Wilson Mai Ƙwai da Hular Kwano

Wilson Kazah mutum ne da zama ba ya yi masa. Ko a coci, in wa'azi ya yi tsawo, sai ka gan shi a waje yana zagaya motocin mutane yana duba tayoyi. Matarsa Christy takan ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya gama shan shayi a zaune ba.

Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa ya zo Kaduna yana saurayi, ya samu aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Ɗakin injinan saƙa aka kai shi, inda ƙara ba ta barin mutum ya ji na kusa da shi, sai dai a yi magana da hannu. A can kunnensa na dama ya mutu a hankali. Bai ma lura ba, sai ranar da ya kwanta a kan na hagu ya ga bakin Christy yana motsi amma ba ya jin komai.

Da masaƙar ta rufe, wasu abokan aikinsa suka koma gida noma, wasu suka riƙa taruwa a gindin bishiya suna jiran ranar da za a buɗe. Wilson ya sayi mashin na hannu. Ya ɗan taɓa acaba, jiran fasinja ya gundure shi, sai ya koma ɗauko ƙwai daga wata gonar kaji a Kakau yana raba wa masu shago da masu shayi a Barnawa da Unguwar Mu'azu. Yakan jera kiret-kiret a bayansa har su wuce kansa, ya ɗaure da roba, ya hau titin Abuja a tsakanin tireloli. Kayan sun tare masa baya, don haka da kunnen hagu yake tuƙi, wanda yake fuskantar titi. Tun mota tana nesa ya san ko tanka ce ko bas, ya san direban zai ba shi hanya ko sai ya sauka gefe.

Sai aka zo da dokar hular kwano. Farkon lokacin gari ya rikice. Fasinjoji suka ƙi sakawa, wasu suna tsoron ƙwarƙwata, wasu suna cewa ana haɗa baki da 'yan acaba a sa asiri a ciki. Mata suka ce ba za a lalata masu ɗaurin kai ba. Wasu matuƙa suka kifa ƙwarya a ka suka ɗaure da igiya. Wilson bai shiga wannan wasan ba. Ya sayi hular, ya saka, ya hau titi. Kafin ya kai gona ya tsaya ya cire. Dalili kuwa, wata tirela ce ta wuce shi kamar za ta goge shi, bai ji zuwanta ba sai iskarta.

Ranar da aka fara tare shi, wani jami'in hanya ne mai furfura, wanda bai ɗaga masa murya ba.

"Baba, ina hularka?"

"Ga ta nan a rataye."

"A kai ake saka ta, ba a mashin ba."

"Ranka ya daɗe, kunne ɗaya gare ni. In na rufe shi, na zama makaho a baya. Kaina ne, ni na san yadda nake tsare shi."

"Kanka ne," in ji jami'in, "amma in ya fashe a kan titin nan, mu ne za mu kwashe, matarka ce za ta yi kuka. Doka ba ta ware mai kunne ɗaya ba."

"To ai nan ne laifinta."

Jami'in bai musa ba, bai kuma sake shi ba. Wilson ya wuni a ofis yana kai da kawo a baranda, ƙwansa yana cikin rana.

Haka aka yi shekaru. Yau a hana acaba, gobe a sassauta, yau a matsa a kan hula, gobe a manta da ita. Wilson ya san duk inda jami'an hanya suke tsayawa. Hular tana maƙale a gwiwar hannunsa, in ya hango su ya ɗora, in ya wuce ya cire. Bakanikensa Auwal na Makera ya taɓa huda masa ita da ƙarfe mai zafi daidai kunne, sai iska ta riƙa yi masa fito a ciki, abin ya fi na da muni.

Wadda ta karya shi 'yarsa ce, Debby. Ta gama karatun jinya, aka sa ta ɗakin da ake kawo waɗanda suka yi haɗari. Ba ta yi wata biyu ba ta daina cin nama. Wata Asabar ta shigo gida da kwali, ta ajiye a gabansa. Sabuwar hula ce mai gilashi, mai rufe har haɓa.

"Baba, ba zan gaya maka abin da nake gani ba. Amma duk lokacin da aka turo gado, takalmin mutumin nake fara kallo, ko naka ne."

Ya buɗe baki zai kawo zancen kunne, Christy ta dube shi, sai ya ɗauki hular. Ya iya gardama da hukuma, amma bai san yadda ake yi da wannan ba. Ya fara sakawa. Yakan tafi a hankali, a can bakin kwalta, yana juya wuya kamar kaza, ya dawo gida da ciwon kafaɗa da faɗa.

Cikin damina abin ya faru. Ana gyaran titi, an mayar da motoci hannu ɗaya. Wilson ya kauce wa rami zuwa hagu, daidai lokacin da wata bas take ƙoƙarin wuce shi. Waɗanda suka gani sun ce direban ya yi ta danna hon. Ta buge shi ta baya, ya tashi sama ya faɗo da ka a kan kankaren da ya raba hanya. Masu sayar da rake da suka rugo suka ga titi ya yi ja da rawaya, ba su san wanne ne jini wanne ne ƙwai ba. Ƙafarsa ta karye a ƙasan gwiwa. Hular ta tsage daga goshi har ƙeya. Kansa ko ƙwarzane babu.

Washegari a asibiti Debby ta kawo hular ta ɗora a kan gadon.

"Ka gani? Da kanka ne wannan."

"Da ban saka ta ba, da na ji motar."

"Baban Debby," in ji Christy, "kana kwance da ƙarfe a ƙafa, har yanzu gardama kake?"

"Gaskiya nake faɗa. Ita ta jefa ni, ita ta tare ni. Sai in gode mata?"

Debby ta fita. Auwal, da ya zo dubiya da lemu a leda, suka nemi ya raba gardamar. Ya ce shi dai ya ga mashin ɗin, ya ga hular, kuma duk wanda ya ce ya san abin da zai faru da an yi kaza, ya shiga aikin Allah.

Kwanciyar ta fi karayar yi masa ciwo. Tun ba a ba shi izini ba ya fara bin bango. Kafin a sallame shi Debby ta lallaɓa shi aka gwada kunnen. Likitan ya rubuta masa bayanin a takarda, ya kuma faɗa da ƙarfi: na hagun ma ya fara tafiya, kuma ba zai dawo ba. Nan da 'yan shekaru, da hula da babu hula, duk ɗaya ne.

Wilson bai yi maganar da kowa ba. Ya yarda aka buɗe masa ɗan teburin sayar da ƙwai a ƙofar gida, wani ya riƙa kawo masa daga Kakau. Ya gyara teburin, ya sake masa wuri, ya yi masa fenti, ya sake masa wani wurin. Masu saye sukan zo su tarar ba ya nan, ya ɗingisa zuwa bakin titi yana kallon mashina. Ya rame. Da rana tsaka sai ya tashi ya share tsakar gidan da aka riga aka share.

Bayan Kirsimeti ya hau keke mai ƙafa uku ya tafi Makera. Ashe Auwal bai sayar da mashin ɗin ba kamar yadda Christy ta roƙe shi, gyara shi ya yi ya rufe da buhu. Suka ɗaura masa manyan madubai na tsohuwar bas, masu dogon hannu da suke leƙa bayan kiret. Wilson ya shiga kasuwa da kansa ya zaɓi wata hula mai rufe ƙoƙon kai kawai, ta bar kunnuwa a waje. Debby ta juya ta a hannu ta ce rabin hula ce. Ya ce shi ma rabin kunne gare shi.

Yanzu ya rage kaya, ba ya fita in hadari ya haɗu, kuma yana koyon yarda da madubi, abin da ya ce ya fi koyon tuƙin wuya. Hular takan kasance a kansa yawancin ranaku. Ranar da zafi ya yi yawa, ko ya tashi da haushin wani abu, maƙwabta sukan gan ta a gwiwar hannu.

Ran Litinin da ta wuce ya tayar da mashin da sassafe, hular tana kan benci. Christy ta fito da ita a hannu tana kiransa, ta bi shi har bakin kwata. Bai waiwayo ba. Ta tsaya a nan da zani a ƙirji har ya sha kwana, ba ta san ko bai ji ba ne, ko ya ji.