Gwajin da Aka Yi wa Bakin Inna

Inna ta tsufa tana sayar da bandar kifi a kasuwar Yelwa, kuma muryarta ce jarinta. Tun daga bakin tasha za ka ji tana kiran masu saye. Wani gyambo ya fito mata a ƙarƙashin harshe ya ƙi warkewa. Muka yi ta yawon magani har muka dangana da wani babban asibiti a Sakkwato, inda aka ce ciwon dajin baki ne. Aka yi aiki, aka yanke wurin, ta warke ta koma kasuwa.

Likita ya ce irin wannan ciwo yakan dawo, don haka mu riƙa kawo ta. Ni ne babban ɗanta, ni nake raka ta. A wani zuwan ya ce akwai sabon gwaji da suke bincike a kai. Za a goga ɗan buroshi a inda aka yi aikin, a duba wasu alamomi da ke manne a jikin DNA, wato ƙwayoyin gadon halitta. Idan ciwon na shirin dawowa, alamomin sukan sauya tun ido bai ga komai ba. Na fassara wa Inna. Ta buɗe baki da murnarta, aka goga.

Duk komawar da muka yi sai ta taɓa ni ta ce, "Tambaye shi, mi sunka gani?" Amsar ba ta sauya ba: ana kan aiki. Sai a haska mata tocila, a ce wurin ya yi kyau. Muka ɗauka shirun nan alheri ne. Har wani zuwan muka tsallake saboda ruwan sama ya ɓata hanya.

Bayan damina ta fara ture tuwo in miyar da yaji. Sannan kunnenta ya soma ciwo. Da muka koma, likitan ya duba, ya ce ciwon ya dawo. Na tambaye shi zancen buroshin nan. Ya ce samfurinta ya nuna alama tun tuni, amma gwajin na bincike ne, ba a tabbatar da shi ba, kuma ƙa'idarsu ba ta yarda a faɗa wa marar lafiya ba.

Na ce, "Likita, ko kiran waya ku ce mu zo da wuri?"

Ya sunkuyar da kai. Inna ta matsa sai na faɗa mata abin da ya ce. Da ta ji, ta dube shi ta ce, "Ɗana, bakin ga nawa ne ko naku?"

Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Na yarda gwajin na iya kuskure. To su faɗa mana haka mana, mu zaɓa da kanmu. Sun ga matar ta isa ta ba su naman bakinta, amma ba ta isa ta ji abin da ke cikinsa ba.

Aiki na biyu ya tafi da rabin harshenta. Tana raye, alhamdu lillahi, tana shan kunu da fura. Ƙanwata ce ke zaman kasuwa yanzu. Inna kan zauna a bayanta tana jera kifi a faranti, in ciniki ya yi tsauri ta sa hannu ta ja mata gefen zane.