Na Je Hirafok Sayo wa Ilyasu Ruwan Sama

Tamanrasset, kafin asuba

Ladanin unguwarmu bai ko yi gyaran murya ba na fito daga gida, wata Talata, da kwamfuta naɗe cikin bargo a ka, kamar ɓarawon akuya. Ku da ke Damagaram kuna ta aiko tambaya ko gaskiya ne Habu Sarkin Hanya ya zautu a Tamanrasset, to ga labarin daga bakin mai shi. Ku yi haƙuri da rubutun. Aji biyu na yi a lekkol, makarantar boko, aka kore ni, sauran karatun a jikin allunan hanya na ƙarasa shi.

Na kusa shekara arba'in ina jan kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Agadas da nan. Da gwiwa ta ƙi, 'yata Zuwaira, mai gyaran waya a kasuwa, ta harhaɗa mini kwamfuta da tsofaffin kaya, ta sa mata sitiyarin roba da wasan jan babbar mota a ƙasashen Turawa. Ranar na zage ta tas. Kafin mako ya zagayo sai ta ɓoye igiyar wuta nake tashi cin abinci.

Ilyasu yaron motata ne, ko da yake yanzu gemunsa ya fi nawa fari. Bara shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi, hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi. Kullum bayan la'asar ana turo shi gidana a keken guragu, ya zauna damana inda ya saba zama. Aikinsa ɗaya ne: in ruwan sama ya sauko a cikin wasan, shi ke danna maɓallin share gilashi da hannun hagu. Mu da muka ƙare ƙuruciya cikin rairayi, masharin gilashinmu rana ke cinye shi ba ruwa ba, ku zo ku ga tsofaffi biyu suna washe baki saboda ruwan ƙarya.

Sai kwamfutar ta tsiro da iskanci. Ruwa na saukowa mota ta kama tsalle, ta tsaya cak, allo ya yi baƙi. Akwai wani kaya da muka ɗauko a wasan za mu haye dutse da shi. Duk ranar da muka isa gindin dutsen, ruwa ya sauko, komai ya mutu. Ga 'ya'yan Ilyasu kuma sun yanke hukunci: ƙarshen wata za su mayar da shi gida Damagaram, ba dawowa. Kamar buhun gawayi, ba wanda ya tambaye shi. Ni kuwa na rantse sai mun sauke kayan nan tare.

Zuwaira ta ce, "Baba, kashe ruwan kawai, motarka za ta tafi. In kuma sabon katin hoto kake so, wanda ke zana wa kwamfuta abin da kake gani a allo, bari bayan Sallah in sa a kawo daga Alje. Nan tsada ce ta banza."

Na ce, "Bayan Sallar uban wa?"

Ta ce, "Ubana ai ga shi nan tsaye."

Ban faɗa mata dalili ba. Yaushe namiji zai tsaya gaban 'yarsa ya ce yana neman ruwan sama don abokinsa? Sai na ji a wurin mai shayi cewa wani malamin lekkol a Hirafok an sauya masa wurin aiki, yana sayar da katin hotonsa, babba, mai fanka uku. A sana'armu kuwa ba a sayen kayan mota sai an gwada a jikin mota. Shi ya sa na ɗauko kwamfutar ɗungurungum, ban sallami kowa ba.

Daga tasha zuwa Tit

Motar da na samu mai buɗaɗɗen baya ce, direbanta wani Buzu ɗan Agadas, Alhusseini, yaron da bai kai takalmina shekaru ba.

Ya ce, "Tsoho, kawo akwatin a ɗaure a baya wajen tukwanen gas."

Na ce, "Kai za a ɗaure a baya. Wannan gaba za ta zauna."

"To kuɗin mutum biyu."

"Cinyata ce za ta ɗauke ta ko taka?"

"Cinyarka a cikin motata take."

Na biya ina yi masa addu'ar da ba a rubutawa. Muka tashi wajen shida da rabi. Tun kafin mu wuce Utul na gane yaron nan yana canja giya kamar mai tuƙa tuwo. Na faɗa masa. Ya ce ya ji labarin ni ma har yanzu ina tuƙi, amma a tsakar ɗaki, kusa da randa. Fasinjoji suka kwashe da dariya. Allah Ya isa tsakanina da mai shayin nan, bakinsa ya fi rariya.

A shingen jandarma kusa da Tit aka duba takardunmu. Wani matashi a cikinsu ya nuna bargo ya ce, "Ya Haj, mene ne wannan?"

Na ce, "Mara lafiya."

Ya ɗaga bargon, ya leƙa ta ramin bayanta, ya ce, "Allah Ya ba ta lafiya. Amma wannan ai tsufa ne ke damunta." Ya dube ni, ya ƙara da cewa, "Ku biyun." Ya mayar mini da takardata da ladabi. Da zagi ne ma da na fi samun abin ramawa.

In Amgel

Kilomita kamar ɗari da talatin daga gida, muka tsaya karin kumallo. Wake da burodi, da shayi kofi uku. Waken ya ji gishiri har yana neman kai ƙara. Na ci ina riƙe da kwamfuta da ƙafa biyu, don yaran wurin sun kewaye ni suna zaton biri ne a ciki.

Bayan garin muka bar babbar hanya muka yi gabas, sai gargada. Ni da na san hanyar da ta fi wannan mugunta, ban taɓa bin ta da ƙwai a cinya ba. Kowane rami Alhusseini sai ya nemo shi, kamar bashi yake bin sa. Can sai na ji wani abu a cikin akwatin yana ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Na ce, "Kai, rage wuta! Ka kashe mini ita!"

Ya ce, "Tsoho, gargada da gudu ake cin ta. Kai ka koya wa mutane haka, in ji su."

Gaskiya ya faɗa, ni na sha faɗin haka. Wannan ne ya ƙara ƙona mini rai.

Hirafok

Mun isa ana kiran azahar. Ƙauye ne cikin duwatsu, ga lambuna kore shar, ga ɓaure ga inabi. Da wata rana ce da na yaba. Alhusseini ya raka ni gidan malamin, wai don kada Larabcina na kasuwa ya jawo faɗa.

Malamin, Si Murad, siriri ne mai tabarau, kayansa duk a ɗaure cikin kwalaye. Ya fito da katin. Jama'a! Tsawonsa ya kai kamu ɗaya, nauyinsa kamar kan injin. Na ɗaga shi, na jinjina, na shinshina. Na ce a raina, Ilyasu, ruwanka ya zo har da ƙanƙara.

Ya kwance murfin tawa kwamfutar. Abin da ke ƙwal ƙwal ashe fanka ce ta tsinke ƙafa ɗaya. Ƙarƙashinta kuma rairayi ya yi kunu ya bushe, har ana iya shuka gero. Ya ɗora katin a bakin akwatin, ya ƙi shiga, ya yi saura da faɗin tafin hannu. Ya karanta rubutun jikin akwatin wuta, ya girgiza kai, ya mayar da katinsa cikin kwali.

Ya ce, "Ammi," wato baffa a Larabcinsu, "ba zan sayar maka ba."

Na ce, "Kuɗina jabu ne?"

"Akwatin wutarka ba zai ciyar da shi ba, ƙonewa zai yi, ya ja sauran. In kana son katin nan, sai ka canja akwatin wuta, ka canja gidan kwamfutar, wataƙila har uwar allon da komai ke manne a jikinta. Kusan sabuwar kwamfuta ke nan. Ka tara, ka yi gaba ɗaya. Yanzu ba lokacinsa ba ne."

Wato injin tirela nake so in ɗora wa a-kori-kura. Ni da na sha korar masu irin wannan hauka daga gareji! Amma mai gaskiya ya fi maƙaryaci ban haushi, don ba ka da inda za ka kama shi. Da ɓarawo na tarar, da tuni na saya na koma gida da farin ciki.

Sannan ya ƙarasa ni. Ya ce, "Me zai hana ka kashe ruwan?"

Nan na tashi. Ban san na iya Larabci haka ba. Na ce daga Tamanrasset na ɗauko wahala, na biya kujera biyu, na ci waken gishiri, don in ji maganar da 'yata ta faɗa mini kyauta? Na ce in aka kashe ruwa me Ilyasu zai danna? Hannu ɗaya ya rage masa, maɓalli ɗaya ya rage masa, shi ma ku ƙwace? Mutumin da ya kwana ƙarƙashin motata yana riƙe mini fitila shekara da shekaru, a turo shi ya zauna yana kallona kamar kayan gado? Inda Larabci ya ƙare na ci gaba da Hausa, Alhusseini yana fassarawa, kuma na lura yana zubar da zagin a hanya.

Si Murad ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "To ai ba ka ce haka ba."

Ya zauna. Ya busa rairayin, ya shafa wani mai launin toka, ya ɗaure fankar. Ya buɗe wani kwali ya ɗauko ɗan siririn abu kamar matsefi, wai ram, ya ce wannan zai taimaka, kuma shi ne kaɗai abin da kwamfutata za ta iya haɗiyewa. Kuɗinsa bai kai kuɗin motar da na biya ba. Ya haɗa ta da allonsa, ya shiga rage kayan ado: inuwa ta tafi, ciyawa ta tafi, itatuwa suka koma kamar tsintsiya a tsaye. Ya saki ruwa. Motar ta tafi, amma tana ɗingishi.

Ya ce, "Saura abu biyu masu cin ƙarfi, ruwa da madubai. Kowane madubi, sai kwamfuta ta sake zana hanya a cikinsa. Ba za ta ɗauki duka biyu ba. Zaɓi ɗaya."

Na ce, "Direba ba madubi? Ka taɓa ganin liman ba alƙibla?"

Ya ce, "Zaɓi dai, Ammi."

Na fita lambu na zagi wani ɓaure da bai yi mini komai ba. Ni Habu, da nake shigar da tirela da baya cikin lungun da jaki ke shakka, da madubi aka san ni. Na ci ɓaure huɗu don huce haushi. Na dawo na ce, "Cire madubin. Allah Ya isa."

A gidan maƙwabcinsa muka kwana. Aka yi mana tagella, gurasar da ake gasawa cikin rairayi mai zafi, da miyar tumatir. Ba su karɓi ko sisi ba. Katin mai fanka uku kuwa na bar shi a kwalinsa, na waiwaye shi sau biyu kamar bazawarar da ta ƙi ni.

Komawa gida

Da hantsi muka juyo. Wannan karon Alhusseini ya bi gargadar a hankali, bai kuma caje ni kujera biyu ba. Na ce masa har yanzu bai iya giya ba, don kada ya ɗauka mun shirya.

Mun shiga Tamanrasset gab da la'asar. Zuwaira na bakin ƙofa, ido ja.

"Baba, mun neme ka har asibiti, sai a bakin mai shayi muka ji inda ka nufa! Ina katin?"

Na nuna mata inda matsefin yake. Ta duba, ta duba abin da aka rage, ta ce, "Hirafok ka je a yi maka wannan? Da ka ce ruwan kake so ai da na yi maka a nan, kana shan shayi."

Na ce, "Ke dai haɗa igiya."

Aka turo Ilyasu. Ya ƙura wa allo ido, ya ce da harshensa mai nauyi, "Maigida, wa ya... aske itatuwan?"

Na ce, "Fari aka yi. Kama aikinka."

Muka isa gindin dutsen. Gari ya yi duhu, ɗigo ya fara sauka a gilashi. Ilyasu ya miƙa hannun hagu ya danna. Mashari ya tafi, ya dawo, ya tafi, ya dawo. Mota ba ta tsaya ba. Muka haye, muka gangara, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Zuwaira da ke tsaye bayanmu ta dubi hannun Ilyasu, ta dube ni, ta fita wai za ta duba tukunya. Ba ta ɗora komai a wuta ba.

A wurin sauke kaya sai an shiga da baya. Na kai ido inda madubi yake, wayam. Na leƙa da kai ta taga, ina ganin rabin tirela kawai. Sai na ji muryar da na rabu da ji tun muna kan hanyar Agadas.

"Taho... taho, Maigida... karya hagu... taho..."

Na bi. "Taho... taho..."

Garam! Na daki bango.

Sai a lokacin ya ce, "Tsaya."

Ya yi dariya har yawu ya zubo masa, ni kuwa na zage shi da zagin da na yi shekara ina ajiye masa. Amma kaya sun sauka.

Ranar da 'ya'yansa suka zo ɗaukarsa ban raka su tasha ba, gwiwa ta hana, kuma ban yafe musu ba tukuna. Zuwaira ta ce yanzu sai a mayar da madubai a kashe ruwan. Na ce ta bar shi yadda yake. Kati kuwa ya jira bayan Sallah, ko bayan wadda ke bayanta.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Na gode wa Si Murad da ya ƙi cin kuɗina, da mutanen Hirafok da tagellarsu, da Alhusseini, Allah Ya koya masa giya. Ku kuma na Damagaram, in Ilyasu ya iso, ranar da aka yi ruwan farko ku turo shi bakin zaure ya gani. In kun ga yana motsa yatsan hagu, kada ku kira likita. Aiki yake yi.